Hoton Da Ƙanwata Ta Goge

Assalamu alaikum Edita,

Ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in faɗi abin da ya tsaya min a rai.

Ƙanwata mai shekara 16 ta ɗora hotonta a Instagram, ta zauna tana ƙirga masu danna alamar so, bini-bini sai ta duba waya. Mutum ɗaya tak ya rubuta cewa ta yi ƙiba. Yabon da sauran suka yi bai shiga kunnenta ba. Ta goge hoton, ta kwana tana tambayata, "Yaya, da gaske na yi muni?" Yarinyar da a da ba ta damu da madubi ba!

Masu manhajar sun san da wannan. A 2021 Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, kamfanin da ya mallaki Instagram, ta fallasa binciken cikin gida da ya nuna Instagram na ƙara wa wasu 'yan mata ƙin jikinsu. A shekarar ne kuma aka ba kowa damar ɓoye adadin alamar so. Na nuna wa ƙanwata yadda ake yi, ta ce ai ƙawayenta za su ce kunya take ji.

Wata mai karatu