Rahoton ayyukan bana daga sakatare

Assalamu alaikum 'yan uwa. Taron wata-wata mun yi su duka, in ban da na azumi da munka ɗage.

Babban abin bana dai bitar filta ce, wato kod mai tace sauti ya rage wani sashe ya bar wani, da munka yi Mabera. Duk wanda ya zo ya ga yadda munka rubuta bikwad, wata ƙaramar filta, da hannunmu cikin yaren kod na Python, ba kwafe ba, da lissafin Robert Bristow-Johnson ɗin nan da masu sauti ke amfani da shi, lambobi biyar kacal da sampul (ɗan awon sauti) biyu na baya ta shiga da biyu ta fita. Munka ɗauko kiɗan kalangu da anka naɗa a sampul 44,100 kowace daƙiƙa, munka sa Q, lambar da ke saita tsayin tudu wurin da filta ke yankewa, a 0.707 sauti ya fito sumul ba tudu, da munka ɗaga shi zuwa 10 sai kalangun ya fara kuka daidai inda munka yanke, kamar ana busa cikin kwalba, ɗaki ya ɗauki tafi. Wani ƙanenmu ya manta bai raba lambobin da a0 ba, lambar da ke daidaita sauran, lasifika ta yi wata irin ƙara har mai shayin waje ya leƙo ya ga ko lafiya. Wallahi tun daga ranar ba wanda ya sake mantawa.

Maganar filta irin ta Moog (na'urar kiɗa ta lantarki) mai hawa huɗu da munka yi alkawari, eh ba a gama ba, kuma kafin a fara guna-guni a ji dalili. Ta C++ ce, in ka murɗa ta da sauri tana ƙas-ƙas sai an sassauta canjin lambobi, rezonans kuma, wato amon da ke komawa cikin filtar, in ya matso 4 tana fara kuka da kanta, gwajin wanga yana son zama da kwamfuta mai ƙarfi da wuta. Laftof ɗaya muke da shi, zafin Afrilu yana kashe shi, man janareta kuma daga aljihuna.

Kuɗin wata kam na gaji da bi. Fiye da rabinku ba ku biya ba tun bayan sallar layya, amma in an sa kod a guruf ku ne na farko wurin saukewa, ko na gode babu. Wanda bai biya ba kafin taro mai zuwa zan karanta sunanshi gaban kowa, Malam shugaba ya amince.