Zuwa ga Alhajin da ya tambayi abin da waiwaye ya ƙara wa rumbu

Assalamu alaikum, Alhaji.

A shirin manoma na rediyo ka ambaci sunana, ka ce in nuna wa jama'a abu guda da waiwayen tsofaffin manoman da nake yabo ya taɓa ƙara wa rumbu. Ka ce su ne suka riƙe wa noma ƙafa, ka kuma ce da alama wata ƙungiya ke biyana. Zancen biya ba zan tsaya a kansa ba, manoman da suka san aikina sun isa shaida. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda ka ci zarafin dattawan nan ba sa wurin balle su kare kansu.

Abu guda ka nema, to ga tassa, wato ramukan shuka da ake haƙawa a faƙo don su tare ruwa.

Bayan farin shekarun 1970, faƙo ya cinye gonaki a yankin Yatenga na Burkina Faso, ƙasa ta daskare, ruwa na sauka yana wucewa. Wani manomin yankin, Yacouba Sawadogo, ya tuna ramukan shuka na kakanninsa, waɗanda can ake kira zai. Da kwaikwayo kaɗai ya iya, da ya tsaya inda suka tsaya. Sai ya duba inda dabarar ta gaza: ramukan ƙanana ne, kuma ba abinci a cikinsu. Ya faɗaɗa su, ya zurfafa, ya zuba taki, ya haƙa tun da rani. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoman Illela ta jihar Tahoua suka je suka gani, suka dawo da dabarar Nijar, inda ake kiranta tassa.

Ga yadda ake yi, tunda ka ce labari ne kawai. Rami mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, tazara wajen mita ɗaya, wato kusan rami 10,000 a hekta. Ƙasar da aka fitar ana tara ta a gefen gangare don ta tare ruwa. Wanda ya tara ta a sama ya kore ruwan da hannunsa. Sai a zuba tafi ɗaya ko biyu na ruɓaɓɓen taki kafin damina. Takin yana jawo gara, garar ta huda faƙon ta ƙasa, ruwan farko ya nutse maimakon ya gudu. Iskar bazara kuma tana zubo ganye da ƙura a ramin.

Dattawan ne kuma za su gaya maka inda tassa take ɓaci, domin sun riƙe kowace asara a ka. A jigawa ba a yin tassa, yashi zai cike ramin. Ɗanyen taki yana ƙona tsiro idan ruwa ya ɗauke bayan shuka. A shekara mai ruwa da yawa ramin kan kwanta da ruwa, gero ya yi rawaya, shi ya sa a ƙasa mai nauyi suke fifita dawa. Aikin kuma yana da wuya, haƙar hekta guda kan ci wajen awa 300. Babu dattijon da zai ɓoye maka wannan.

Haka batun itace. Shekara da shekaru ana koya wa manomi cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share ƙal. Waɗanda suka tuna yadda gero ke cika a ƙarƙashin gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina, su ne ba su sha wahalar karɓar sabon sassabe ba da aka fara shi a Maradi a 1983: a bar wa kututturen sabara ko kalgo tofo uku zuwa biyar mafi ƙarfi, a datse sauran. Yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka farfaɗo ta haka a Nijar.

Alhaji, kowa ya san takin zamani kake sayarwa, kuma halak ne. Amma ya kamata ka faɗa wa masu sauraro hakan kafin ka kushe manomin da ya rage buƙatar kayanka. Ko takin naka ma, a kan faƙo ruwa ne ke kwashe shi. A cikin ramin tassa yake tsayawa inda saiwa take.

Damuwata ta wuce kai. Duk shekara ana taron dashen itace, a ɗauki hoto, dashen ya mutu kafin wata damina, ba wanda ya tambayi tsohon da ya san abin da ya kashe na bara. Ana zaman tsara aikin gona a otal, mutanen da suka ga farin 1973 da na 1984 da idonsu suna ƙauye ba a gayyace su ba. Sawadogo sai a 2018 ya samu lambar yabo ta duniya ta Right Livelihood, ya rasu a 2023. Irinsa da yawa suna tafiya ba a rubuta ko layi ɗaya daga bakinsu ba.

Ina roƙonka ka koma shirin da ka yi maganar ka janye ta, ka kuma nemi a gayyato manomi ɗaya mai tassa ya amsa maka da bakinsa.

Wassalam,
Wani malamin gona