Waɗanda aiki ya kai bakin teku, dan Allah ku riƙa fita ranar hutu

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina yi maka fatan alheri kai da abokan aikinka. Ni mai karanta jaridarku ne tun ina gida Kano, yanzu ma da wurin aiki suka turo ni kwas na wata takwas a Cape Coast ta ƙasar Ghana ban fasa ba, a waya nake bi. Watana biyar kenan a nan, kuma akwai wata magana da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, nace bari dai in rubuto ko wani zai amfana.

Mu huɗu ne ƴan Arewa a masaukinmu, Asabar da Lahadi babu aji, amma wallahi biyu daga cikinmu har yau basu taɓa taka yashin bakin teku ba alhali da dare kana kwance a ɗaki kana jin rugugin ruwan. Daga katifa sai waya, sai ƙirga kwanakin da suka rage a koma gida. Ban ga laifinsu gaba ɗaya ba, don nima sati uku na farko haka nayi, ga kewar iyali ga wani zafi mai danshi da ba irin namu ba, kayi wanka ka fito kana gumi, wanki ya kwana biyu a igiya bai bushe ba, kwaɗon jakata ma sai da yayi tsatsa saboda gishirin da ke cikin iska. Amma abin yana damuna, mutum yazo ƙasar da wataƙila ba zai sake zuwa ba har ya mutu, ya koma bai san komai ba sai hanyar aji da ta masallaci.

Wani dattijo ne a masallacin zango ya fara zaburar da ni bayan sallar Juma'a. Da Hausa muka yi hira, irin tasu ta nan wadda mace ma sai kaji ance yazo ya tafi, da farko tana min banbaraƙwai yanzu kuwa daɗi take min. Ya tambaye ni ko na je Elmina, wani gari a bakin teku kusa da Cape Coast, nace a'a, sai ya girgiza kai yace in je in gani da idona sannan in dawo muyi magana.

Washegari na shiga motar haya da suke kira tro-tro, tafiyar bata kai rabin awa ba. Malam Edita, gani ya kori ji. Akwai wani farin gini a bakin ruwa, Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482 don cinikin zinariya, mutanen Holan suka ƙwace shi a 1637, daga baya ya koma hannun Ingila a 1872, kuma a tsakanin nan ya zama ma'ajiyar bayi kafin a loda su a jirgi. Mai yi mana bayani ya shigar da mu ɗakunan ƙasa inda ake tsare mutane, babu taga sai ɗan rami, har yanzu akwai wani wari da ya kama bangon wanda ban san yadda zan kwatanta shi ba. Ya nuna mana tsakar gidan da ake fito da mata, gwamnan Turawa yana tsaye a bene yana zaɓa. Sannan ƴar siririyar ƙofar nan da ake fitar da su ɗaya bayan ɗaya zuwa teku, wadda duk wanda ya bi ta ya tafi kenan. Na leƙa ta ciki na hango kwale-kwalen masunta da tutocinsu kala-kala, yara na wasa a yashi, sai naji hawaye yazo min. Sati na gaba da na shiga wani ginin irinsa da ke cikin garin Cape Coast, wanda Obama ya ziyarta a 2009, sai na tarar ɗakin ibadar Turawan ma a saman kurkukun maza aka yi shi, ana addu'a a sama mutane na mutuwa a ƙasa.

Da na koma wurin dattijon nan sai ya ƙara min abinda yafi tsaya min a rai, cewa kar in ɗauka tarihin wasu ne can. Kasuwar Salaga da fataken Hausa ke zuwa sarin goro a ƙasar Gwanja, ba goro kaɗai ake sayarwa ba, har da mutane, kuma daga can arewa ake koro wasu a ƙafa har bakin teku. Mu a makaranta an koya mana fataucin goro da ayari da madugu cikin alfahari, wannan ɓangaren kuwa sai dai a bi ta kansa da sauri. Ni dai ina ganin ya kamata ɗan Hausa ya tsaya a cikin kurkukun nan ko na minti biyar ne ya yi tunani, ba sai ƴan Amurka kaɗai da ke zuwa neman asalinsu ba.

Ba duk fita ce mai nauyi haka ba. Mun je dajin Kakum, kamar kilomita 30 arewa da gari, inda aka ɗaura gadojin igiya guda bakwai a tsakanin dogayen bishiyoyi, wani wurin tsayinsa daga ƙasa ya kai wajen mita 40. Gadar tana lilo, ƙafa tana rawa, amma ga wanda ya tashi a ƙasar da zaka hango gari tun daga nesa, ganin daji kore shar ta ko ina babu ko tazara wani abu ne na tuna ikon Allah. A je da sassafe kafin motocin ƴan makaranta su iso.

Amma gaskiya abinda yafi gyara min zama ba waɗannan manyan wuraren bane, ƙananan abubuwa ne na kullum da basa cin wani kuɗi. Bayan Asuba ina tattaki a bakin ruwa, lokacin babu kowa sai masunta, kuma wannan amsa ce ga masu cewa bakin teku wurin baɗala ne, eh akwai wuraren da ake kiɗa da shaye-shaye da yamma musamman Lahadi, ba sai ka je can ba, gaɓar tana da tsawo. Wani lokaci zaka tarar da mutum ashirin ko fi suna jan igiyar koma guda ɗaya daga cikin teku suna waƙa da harshen Fante, in ka kama musu ba mai hana ka, in an fito da kifi mata na nan tsaye da manyan kwanoni, daga nan sai wurin banda. Ranar Talata kuwa basa shiga teku, al'adarsu ce tun kaka da kakanni, sai ka ga an jere kwale-kwale ana ɗinkin koma a inuwa. Daga tattakin in biya wurin mai koko, wanda su kansu Hausa koko suke ce masa, na gero da citta da kanumfari da ɗan yaji, ga ƙosai mai zafi. Da rana waakye, wato dai shinkafa da wakenmu ce aka dafa da karan dafi tayi ja, sunan ma daga wake ya samo asali. In ƙishi ya kama ka a sare maka ɗanyar kwakwa ka sha ruwan ka kankare na cikin.

Gargaɗi ɗaya da nake roƙo a buga da babbar murya: teku ba kogi bane ba kuma kududdufi ba. Ko ka iya iyo a dam ɗin Tiga kar ka yarda ka shiga, akwai wuraren da ruwan ke ja ta ƙasa ya yi ciki da mutum cikin ƙiftawar ido alhali saman yana nan kamar lafiya lau. Tsaya inda zai taɓa idon sawu, kar ka juya masa baya don ɗaukar hoto a kan duwatsu, kuma in masunta sun ce ka matsa ka matsa.

Roƙona gare ka Malam Edita, ku ɗan ware mana fili ko rabin shafi ne a jaridar ƙarshen mako, inda masu bautar ƙasa a Kalaba ko Badagiri, da ɗalibanmu na Kwatano, da direbobin da ke jiran lodi a Tema da Lome za su riƙa rubuto abinda suka gani da yadda ake zuwa da inda ake samun abincin halal da wurin sallah. Da na samu irin wannan kafin in taso da ban ɓata sati uku a ɗaki ba.

Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan je Assin Manso a kan hanyar Kumasi, inda rafin nan yake da ake yi wa bayi wankan ƙarshe kafin a ƙaraso da su bakin teku. Ɗaya daga cikin abokan nan nawa biyu yace zai bi ni, na riga na faɗa masa ƙarfe shida zan buga masa ƙofa.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Cape Coast, Ghana