Man Rinin Fata: Yadda Ake Shafa Shi a Gida Ba Tare da An Yi Ɓarna Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarku mai farin jini don mu yi bayani kan man da ake shafawa fata ta ƙara duhu. Turawa aka yi wa shi, masu son launin wanda ya sha rana. A wajenmu kuwa, waɗanda suka fi bukatarsa su ne masu bitiligo, larurar nan da ke sa fata ta yi fararen tabo, wadda ake ta tsangwamar masu ita bisa kuskuren cewa kuturta ce, alhali ba ta yaɗuwa.

Sinadarin da ke aikin sunansa DHA, wani nau'in sukari ne. Idan ya haɗu da furotin ɗin matattun ƙwayoyin da ke saman fata sai ya koma ruwan ƙasa, kamar yadda bayan burodi ke yi idan ana gasa shi. Kusan aikin lalle ne: rini ne, ba magani ba. Launin yakan fara fitowa bayan awa 2 zuwa 4, ya ci gaba da nuna har kwana ɗaya ko fiye, sannan ya kwana 5 zuwa 7 kafin ya dushe. Na kanti yawanci DHA ɗinsa kashi 3 zuwa 5 ne cikin ɗari, Tarayyar Turai kuma ta tsayar da iyaka a kashi 10. Mai baƙar fata sosai ya sani cewa tabon ba zai saje gaba ɗaya ba. Zai dai rage haske, ya daina jan ido.

Kafin komai a duba lambar NAFDAC, a ɗiga kaɗan a cikin dantse, a jira awa 24. In ya yi ƙaiƙayi ko ƙuraje, a haƙura da shi. Aski ko cire gashi a yi shi kwana ɗaya kafin shafawa, don kada man ya taru a ramukan gashi ya bar ɗigo-ɗigo. A yi wanka, a cuɗa wurin da soso a hankali, a bari ya bushe ƙarau. Kada a sa mai ko turare, kada kuma a shafa shi ranar da aka yi dilka, domin maiƙo yana tare shi.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wuraren da fata ke da kauri: gwiwa, gwiwar hannu, idon sawu da gaɓoɓin yatsu. Matacciyar fata ta fi yawa a nan, don haka suna shan rini fiye da kima su yi baƙi ƙirin. A shafa musu basilin kaɗan tukuna, har da farce. Mai tabo kuma ya zagaye bakin tabon da basilin ta wajen lafiyayyar fata, ya ɗauki man da tsinken auduga, ya fara daga tsakiya zuwa gefe. In bai yi haka ba, zobe mai duhu zai kewaye tabon, abin ya fi na da muni. Shafi ɗaya siriri ya isa. Washegari a duba, in bai kai ba a ƙara. A sa safar hannu, in babu a wanke tafin hannu da sabulu nan take.

Bayan minti 10 zuwa 15 za a iya sa sutura mai walawa mai duhu, amma ruwa da gumi kada su taɓa wurin har awa 6 zuwa 8. Shi ya sa muke ba da shawarar bayan sallar isha'i, a kwanta a wuri mai iska, kafin alwalar asuba ya riga ya kama. Fuska da hannu da ƙafa sun fi saurin dushewa saboda yawan wanki, sai a riƙa sabunta su duk bayan kwana 2 ko 3. Da hunturu a dage da shafa man jiki kullum daga washegari, in ba haka ba launin zai yi dabbare-dabbare. In an yi kuskure, a jiƙa wurin da mai, a cuɗa da soso, sauran zai tafi cikin mako. Kwalbar kuma a ajiye ta a inuwa, zafi yana lalata DHA.

Abin da ya fi damunmu shi ne zaton cewa rinin yana kare fata daga rana. Ba ya yi. Tabon bitiligo ba shi da kariyar da baƙar fata ke da ita, zai ƙone ko an rina shi, saboda haka man kare rana mai SPF (lambar ƙarfin kariyarsa) 30 ko fiye dole ne. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da DHA ne don shafawa a waje kawai, ban da leɓe da kewayen ido, kuma kada a shaƙi na fesawa. Kada a sa shi a kan rauni, ko fatar da man bilicin ya sa ta yi laushi tana tsagewa. Allurar Melanotan ta ƙara wa fata duhu da ake tallatawa a intanet ba ta da lasisi, a nisance ta. Sabon farin tabo kuma, a fara nuna wa likitan fata kafin a rufe shi, domin ƙyasfi ma yakan zo da kama, shi kuwa maganin naman gwari yake so.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan kantin magani, Kano.