A tanadi kejin hura taya a inda tireloli ke yada zango

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu ja hankalin masu faci, direbobi da yaran mota kan wani aiki da aka raina, wato canjin tayar babbar mota.

Tayar tirela, ko mai tub ce irin 12.00R20 ko marar tub irin 315/80R22.5, tana cin iska psi 110 zuwa 130 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iska), kusan ninki huɗu na ta ƙaramar mota. Ita da rim ɗinta sun haura kilo 100. Wannan iskar ce ke kisa, musamman a rim mai zobe, wato wanda zoben ƙarfe ke kulle taya a jikinsa. Zoben nan tsagi ɗaya ne ke riƙe da shi. In tsatsa ta cike tsagin, ko zoben ya lanƙwashe, ko an ɗauko na wani rim an cusa da guduma, to yana iya tashi ya fasa kan duk wanda ya sunkuya a gabansa.

Saboda haka kafin a taɓa noti ko ɗaya a rim mai zobe, a cire ƙwayar bawul, iska ta fita tas, a zura siririyar waya a tabbatar datti bai toshe ba. In tayoyin baya ne masu zuwa biyu-biyu, duka biyun za a sace wa iska, domin rim na ciki yana iya tsagewa ba a gani ba, notin ne kaɗai ke tare da shi.

Wajen ɗaga mota kuwa, a ja birkin hannu, a sa waigi, wato abin tokare taya, gaba da bayan tayar da ke ƙasa, a ajiye alamar gargaɗi nesa da motar. Jak ya dace da nauyin kaya, ya zauna kan katako mai kauri. Bulo da dutse suna farfashewa, ƙasar gefen titi kuma tana nutsewa da damina. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Inda aka fi asarar rai shi ne wajen hurawa. Ana yawan ganin mai faci zaune a kan taya, tiyo a hannu, yana bubbuga zobe wai ya zauna. A sa iska kaɗan, psi 3 zuwa 5, a duba zoben ya shiga tsaginsa ko'ina. In bai shiga ba a sace a sake, ban da duka. Sauran iskar a cikin kejin ƙarfe mai tare zobe in ya tashi za a ba ta, da dogon tiyo mai kama bawul da kansa da geji a jikinsa, mai hurawa kuma ya kauce daga saitin fuskar rim. Tayar da aka yi tafiya da ita a sace ma abar tsoro ce: wayoyin gefenta sun riga sun gaji, sai ta yage lokaci guda. Da an ji tana ƙas-ƙas ko an ga kumburi, a tsaya.

Abubuwa biyu kuma ya kamata a daina ɗungurungum. Na farko, zuba fetur a ƙyasta ashana don bakin taya ya kama rim; ruwan sabulu ya isa. Na biyu, walda ko gasa noti da wuta alhali taya na kan rim. Zafin yana sa roba ta riƙa fitar da gas daga ciki, sai ta fashe ko da an sace iskar, wani lokaci bayan an daɗe da kashe wutar.

Noti kuma a ɗaure su a gicciye, wannan sannan wanda ke fuskantarsa a ɗaya ɓangaren, a sake bin su bayan kilomita 50 zuwa 100.

Roƙonmu ga ƙungiyar masu motocin sufuri (NARTO) da ƙungiyar direbobi (NURTW) da ƙungiyoyin masu faci shi ne su tanadi keji a wurare irin Tafa, Mararrabar Jos da Potiskum. Mai walda na gari zai iya haɗa shi da bututun ƙarfe mai kauri, kuma kuɗinsa ba zai kai na sabuwar taya biyu ba. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ma su sa wannan batu cikin wayar da kan da suke yi a tashoshi.

Naku,
Wasu masu faci da makanikan manyan motoci,
Kaduna.