Rahoton Ayyukan Zumuntar Mata na Shekarar da Ta Ƙare

Zuwa ga Baba Fasto da Mama, dattawan ikkilisiya, iyayenmu mata da dukan 'yan'uwa cikin zumunta. Muna gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Kamar yadda muka saba, kwamiti yakan kawo muku bayanin abin da aka yi kafin mu shiga sabuwar shekara. Lissafin kuɗi, shiga da fita, yana hannun Ma'aji. Za ta karanta shi daban, ta kuma liƙa kwafi a allon sanarwa don kowa ta duba. Wannan takarda ta bayanin aiki ce.

Kan maganarmu na bana mun ɗauko shi daga Matiyu 9:13, inda Yesu ya ce wa Farisiyawa su je su koyi ma'anar wannan magana: jinƙai nake so, ba hadaya ba. A zaune yake wajen cin abinci da masu karɓar haraji da waɗanda ake kira masu zunubi sa'ad da ya faɗe ta, kuma daga littafin annabi Yusha'u 6:6 ya ɗauko ta. Da muka zaɓe ta a farkon shekara, da yawa cikinmu sun ɗauka magana ce mai sauƙi. Kafin damina ta wuce mun gane nauyinta.

A taronmu na mako-mako mun bi Bishara ta hannun Luka a rabin shekara na farko, sa'an nan wasiƙar Yakubu. A kan Yakubu sura 2 ne muka fi daɗewa, domin wata uwarmu ta kawo tambayar da ke zuciyar mutane da yawa. Ta ce tun tana ajin baftisma aka koya mata cewa ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, ba ta ayyuka ba, kamar yadda Afisawa 2:8-9 ta faɗa. To, yaya Yakubu zai ce bangaskiyar da ba ta da aiki matacciya ce? Mama ta sa mu buɗe Afisawa mu karanta aya ta 10, wadda yawancinmu muke tsayawa kafin mu kai gare ta. A can aka ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyukan da Allah ya riga ya shirya mana. Ta ce hayaƙi ba shi ke kunna wuta ba, amma idan mace ta ce ta hura wuta tun safe, har rana ta yi tsaka ba a ga hayaƙi daga madafarta ba, ai sai a leƙa a gani. Ba mu yi wa gwauruwa alheri don Allah ya karɓe mu. Ya riga ya karɓe mu tun ba mu da abin da za mu nuna masa, shi ya sa hannunmu ya kamata ya buɗe. A ganina wannan darasi shi ne ginshiƙin duk abin da zan lissafa a ƙasa.

Aikin jinƙai ya fi na bara yawa, domin bukata ta ƙaru. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na hatsi suka tashi, kuma gwauraye da tsofaffi ne suka fi jin jiki. Mun ci gaba da tsarin mudun masara, inda kowace mace take kawo abin da ta iya bayan girbi, a ajiye a ɗakin ajiya na coci, a raba lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, daga Yuni zuwa Agusta. Mun yi gayya a gonakin gwaurayen da ba su da mai taimako, matasan ikkilisiya kuma suka kama mana noman fari da maimai, Allah ya sa musu albarka. An ziyarci marasa lafiya a gida da asibiti, an kai wa masu jego sabulu da itace. A lokacin Ista mun je gidan gyaran hali da abinci da waƙa, muka yi addu'a da matan da ke tsare.

Abin da ya fi gwada mu shi ne zuwan iyalan da suka gudo daga ƙauyuka saboda hare-hare. Wasu sun iso da kayan jikinsu kaɗai. Mata da yawa cikinku kun buɗe ɗakunanku, kun raba tabarma da tukunya, ba tare da kwamiti ya roƙe ku ba. Ba zan kira suna ba, Ubangiji ya san ku.

A cikin wannan hali ne maganar wata mai tallan nono ta taso, wadda ta saba shiga unguwarmu shekara da shekaru. Ciwo ya kayar da ita a bakin hanya kusa da coci, 'yan'uwa biyu suka ɗauke ta zuwa asibiti, suka nemi a biya kuɗin magani daga asusun jinƙai. A taron da ya biyo baya ba a yi saurin amincewa ba. Akwai a cikinmu waɗanda suka binne miji ko ɗa saboda rikici, kuma suka ce zuciyarsu ba ta kai nan ba tukuna. Ba wanda ya tsawata musu, bai kuma kamata a tsawata musu ba, domin wanda bai kwana da irin wannan ciwo ba bai san zafinsa ba. Baba Fasto ya zo ya zauna da mu. Bai yi dogon wa'azi ba. Ya karanta misalin bawan nan a Matiyu 18, wanda sarki ya yafe masa bashin talanti dubu goma, shi kuwa ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari ɗari. Ya karanta Romawa sura 5, inda aka ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, kuma muna maƙiya ne sa'ad da aka sulhunta mu da Allah. Ya ce gafara ba ta hana neman adalci a wurin hukuma, kuma wannan mata ba ita ta ƙona gidan kowa ba. Daga baya, ɗaya daga cikin iyayenmu da aka kashe wa ɗa ita ce ta fara cewa a biya. An biya. Matar ta warke, danginta suka zo har ƙofar coci suka yi godiya.

Na tsaya a kan wannan ne domin nan ne kan maganarmu ya sauko daga allo ya shiga cikin jikinmu. Basamariyen da ke Luka sura 10 ma ba ɗan garinsu ya tarar a kan hanyar Yariko ba. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a tarihin bishara a ƙasarmu. A shekarun 1930 ma'aikatan ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) sun karɓi aikin jinyar kutare a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, suna wanke gyambon mutanen da danginsu ma suke gudu, yawancinsu kuwa ba Kirista ba ne. Ikkilisiyu da dama a Arewa sun samu masu bi na farko daga irin waɗannan wurare.

A fannin almajiranci mun gwada abin da Titus 2:3-5 ya umarta, wato manyan mata su koya wa ƙanana. Mun haɗa kowace amarya da sabuwar tuba da wata uwa da za ta riƙa ziyartarta, su karanta Magana tare, su yi addu'a, su tattauna zaman aure da tarbiyyar yara. Inda aka riƙe shi da gaske mun ga amfani, har akwai auren da ya kusa mutuwa ya tashi. Inda ya tsaya kuwa, yawanci ziyarar ce ta koma gaisuwa a ƙofar coci ranar Lahadi. Bin Yesu, bisa ga Luka 9:23, ɗaukar gicciye ne kowace rana, kuma ba a koyon sa daga nesa.

Ajin yaƙi da jahilci ya ci gaba. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, amma har yau akwai iyayenmu da suke riƙe shi a sujada ba su iya karanta shi ba. A bana wasu daga cikinsu sun tsaya gaban jama'a a Ranar Mata sun karanta Zabura 23 da bakinsu. Muna roƙon dattawa su taimaka mana da allo da benci, domin har yanzu a ajin Makarantar Lahadi muke raɓewa.

Mun fita wa'azin bishara zuwa ƙauyukan da hanya ta ba da dama, tare da 'yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai Don Kowa, mun kuma aika da hatsi da zannuwa ga iyalin mai bisharar da ikkilisiyarmu ke tallafawa. Mun kiyaye ranar addu'a ta mata ta duniya a Juma'ar farko ta watan Maris tare da matan sauran ikkilisiyu. Ƙungiyar waƙa ta wakilce mu a taron gunduma.

Akwai abubuwan da dole a faɗa. Halartar taro takan ragu ƙwarai da damina, mun kuma fahimci dalili, amma makara ba ta da alaƙa da gona. Kuɗin wata yana tafiyar hawainiya, alhali kuwa da aka kawo sabon zanen zumunta cikin 'yan kwanaki ya ƙare. Abin da ya fi damun kwamiti shi ne maganar da ke fita waje game da waɗanda aka taimaka wa. Wata 'yar'uwa ta ƙi karɓar rabonta na masara saboda ta ji ana zancen talaucinta a bakin rijiya. Yesu ya ce kada hannun hagu ya san abin da na dama yake yi. Daga yanzu mata uku kaɗai, Shugaba da Ma'aji da Mama, za su san sunayen masu karɓa, kuma da yamma za a riƙa kai musu har gida.

A cikin shekarar Ubangiji ya kira wasu daga cikin iyayenmu gida. Za a karanta sunayensu a sujadar godiya, muna kuma roƙo a ci gaba da leƙa iyalansu bayan an watse daga makoki, domin lokacin ne kaɗaici yake farawa.

A shekara mai zuwa kwamiti yana ba da shawarar a buɗe ƙaramin asusun jari ga gwauraye, bashi marar ruwa, don sana'ar ƙosai, daddawa ko kiwon kaji, domin masarar da muke rabawa ba ta kai wata biyu. Muna kuma so a ware rana ɗaya a wata don yaran iyalan da suka gudo, waɗanda da yawansu ba su koma makaranta ba. Za a kawo shawarwarin biyu gaban taron farko na watan Janairu don a tattauna a yanke. Duk mai gyara ko ƙari a kan wannan rahoto ta sami Shugaba ko ni kafin ranar.

Taku cikin hidimar Ubangiji,
Sakatariya, a madadin Kwamitin Zumuntar Mata