Abin da Ke Kai Yaranmu Tuƙin Manyan Motoci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri a gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan sana'ar da na ci abinci da ita shekara 34, wato tuƙin babbar mota. Ina rubuto maka ne daga Gadarif, a gabashin Sudan. Abin da ya tayar da ni shi ne wata magana da aka yi a gabana kwanan baya, lokacin da aka je nema wa wani yaron unguwarmu aure. Wani dattijo daga dangin yarinyar ya ce shi ba ya sha'awar ba direba 'ya, domin a ganinsa babu mai shiga tuƙi sai wanda karatu ya gagara ko wanda yawo ya shiga jininsa. Ban amsa masa a wurin ba saboda girmansa da kuma girman abin da ya tara mu, amma maganar ta kwana da ni, domin na san ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba.

Duk wanda yake son ya gane abin da ke kai ɗan Bahaushen Sudan tasha, to ya fara da tambayar wa ke da ƙasar noma. Kakanninmu da yawa a ƙafa suka zo, wasu da niyyar aikin Hajji, wasu kuma cikin hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi da Turawan Ingila suka yi da Sarkin Musulmi Attahiru a 1903, wadda ta kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Kakana yana cikin masu niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a Jazira, yankin noman auduga da ke kudu da Khartoum, ya tsaya tsinkar auduga don ya tara na jirgi, kuma a nan aka binne shi. Lokacin da aka raba gonakin Jazira bayan an gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, akasarin irinsa ba su sami hawasha ba, wato gonar da ake ba manomi da sunansa, sai suka zauna a matsayin 'yan ƙwadago. A nan Gadarif ma haka abin yake. Manyan gonakin dawa da riɗi da ake nomawa da tarakta suna hannun masu jari, mu kuma namu shi ne ciyawa da yanka. Yankan riɗi kuwa aiki ne na 'yan makonni, domin idan ya nuna ba ya jira, sai ya fashe ya zube, kuma da an gama shi da girbin dawa sai mutum ya koma gida ya zauna har wata damina. Saurayin da ya ga mahaifinsa ya tsufa a gonar wani, bai mallaki ko taki ɗaya ba, dole ne ya waiga ya nemi wata ƙofar.

Ƙofar tuƙi kuwa tana cikin kaɗan da ba a tambayar mutum jari ko takardar makaranta ko sunan gidansu kafin ya shiga. Ni ina ɗan shekara 16 aka kai ni wurin wani direba a 1984, aka ce ga yaro, shi ke nan. Na zama karen mota, wanda Larabawan nan ke kira musa'id. Ni ne mai wanke mota, mai duba baƙin mai da ruwan lagireto tun da asuba, mai ɗaure tamfol a kan buhuna, mai dira da gudu in sa weji a bayan taya idan mun tsaya a kan tudu, kuma ni ne mai dafa shayi da tuwo a gefen hanya. Ba a biyana albashi, amma ana ciyar da ni, kuma kowace rana ina ƙaruwa da wani abu. Kafin a ba ni sitiyari sai da na iya cire taya in yi faci da hannuna, na iya sauraren inji in gane inda ciwonsa yake, na san yadda ake jera lodi don kada mota ta rinjaya gefe guda. Wannan makaranta ce sosai, kuma jarrabawarta ta fi tsanani, domin wanda ya faɗi ba maki yake rasawa ba, ransa da dukiyar mutane yake sakawa a haɗari. Wanda kansa ba ya ɗaukar karatu ba zai kai shekara a cikinta ba.

Sai kuma maganar samuwar aikin kansa. A zamanin iyayenmu jirgin ƙasa ne ke ɗaukar kusan komai zuwa bakin teku. Da harkar jirgin ta yi rauni, kuma aka gama shimfiɗa kwalta daga Khartoum zuwa Port Sudan a 1980, hanya mai tsawon kusan kilomita 1,200 da ta bi ta Wad Madani da Gadarif da Kassala da Haiya, sai nauyin ƙasar ya koma kan manyan motoci. Garinmu ya faɗo a tsakiyar wannan hanya. Riɗin da ake cinikinsa a kasuwar amfanin gona ta Gadarif a mota yake tafiya tashar jiragen ruwa, haka ƙaron da ke fitowa daga Kurdufan, haka tumakin da ake kai wa Sawakin don a tsallaka da su Jidda, musamman idan layya ta gabato. A dawowa kuma a ɗauko alkama da sukari da siminti da man fetur. Ga kuma hanyar Gallabat da ke shiga Habasha. Manomi yana ganin kuɗi sau ɗaya a shekara idan ruwa ya yi kyau, direba kuwa yana gani a ƙarshen kowace tafiya, ko da kaɗan ne. Ga mutumin da ke da tsofaffi a gida da ƙanne masu zuwa makaranta, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Amma abin da ya fi jan yara, kuma na yi imani shi ne zuciyar maganar, shi ne suna ganin matakala a gabansu, kuma sun san mutanen da suka hau ta. Karen mota yana zama direba, direba mai amana yana samun ubangidan da zai sakar masa mota, kuma idan ya iya tattali yana iya zama mai mota. Mu a lokacinmu hanyar ita ce adashi da ɗan abin da mutum ke sarowa da kuɗinsa, kamar buhun gawayi ko albasa daga inda suke da araha, da sanin mai mota. Na yi shekara 19 ina tuƙa motar wasu kafin ni da wani ɗan'uwana mu haɗa kuɗi mu sayi tsohuwar Bedford, irin wadda ake kira sifinja a nan, wadda makanikan ƙasar nan suka ƙware wajen ƙarfafa mata jiki har ta ɗauki fiye da abin da masu ƙera ta suka yi zato. Da wannan tsohuwar mota na gina ɗakunan da nake ciki, na aurar da ƙannena mata biyu, na kai mahaifiyata Makka, ta cika niyyar da surukinta ya rasu bai cika ba. Ba kowane direba ne ke kai wa nan ba, kuma yau farashin mota ya yi nisa ƙwarai da aljihun talaka, amma yaron da ke yankan riɗi ba shi da ko wannan fatan.

Ban musa wa dattijon nan cewa akwai son tafiya a ciki ba. Akwai shi, kuma ban ga abin kunya a ciki ba ga jikokin mutanen da suka ratsa Barno da Wadai da Darfur a ƙafa. Direba yana sanin ƙasa da mutanenta, yana cin abinci da Hadandawa a gabas da mutanen Kurdufan a yamma, kuma kusan duk garin da ya sauka zai tarar da ɗan'uwansa Bahaushe, ko mai agashe a bakin tasha ko masunci a bakin kogi, wanda zai ba shi labarin gida. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba, wato mutum ya san ana bukatarsa. Shekarar da na fara aiki ita ce shekarar babbar yunwa, kuma ina cikin yaran da suka yi dakon dawar agaji daga Port Sudan zuwa yamma, wadda mutane suka laƙaba wa sunan Reagan, shugaban Amurka na lokacin. Ban manta yadda mata suka riƙa tsince ƙwayar da ta zube a ƙasa bayan mun sauke ba. Tun daga ranar ban ƙara kallon wannan aiki a matsayin ƙaramin abu ba. Da yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilun 2023, manyan motoci ne suka kwaso iyalai da yawa da 'yan komatsansu zuwa Gadarif da Kassala, musamman bayan abin ya iso Wad Madani a ƙarshen 2023, kuma su ne suka ci gaba da shigo da garin burodi da magani.

Ba na so a ɗauka ina yi wa sana'ar kwalliya. Duk wanda ya taɓa gangara Aƙaba, wato mashigar duwatsun da ke tsakanin Sinkat da Sawakin, da cikakken lodi a bayansa yana jin ƙaurin birki, ya san abin da ake kira tsoro. Na binne abokan aiki da barci ya sace a kan sitiyari. Ɗana na fari ya fara tafiya ba na gida, kuma labarin rasuwar mahaifina a hanya ya same ni, na iso an riga an kai shi. Ga kuɗin da ake karɓa a shingaye, wanda ke cinye rabin ribar tafiya, ga ciwon baya da na ido da ke jiran mutum a tsufa ba tare da fansho ba. Yaran da ke shiga yanzu sun san duk wannan, domin a gidajenmu suka tashi, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka gama sakandare, har da waɗanda yaƙi ya rufe musu jami'a suka ƙi zama hannu rabbana. Wasunsu burinsu su ƙware a nan, su sami lasin babbar mota, su tsallaka Saudiyya su yi 'yan shekaru su dawo da jari.

Roƙona na farko ga 'yan'uwana masu motoci da manyan direbobi ne. Ubangidana na farko, Allah ya jiƙansa, ya riƙe ni shekara shida kafin ya bar ni in riƙe sitiyari a kan kwalta, alhali na isa tun a ta uku, domin samun yaro mai aiki ba albashi yana da daɗi. Wannan ɗabi'a tana nan har yau, kuma ita ce ke sa wasu yaran su gaji su watse. A yanka wa yaro wa'adi tun ranar da aka karɓe shi a gaban iyayensa, a ba shi wani abu a kowace tafiya, a kuma taimaka masa da kuɗin lasin idan lokaci ya yi. Na biyu kuma ga iyaye ne, cewa idan direba ya zo neman aure a binciki sallarsa da amanarsa da yadda yake riƙe mahaifansa, kamar yadda za a binciki malami ko ɗan kasuwa. Yaron da na ambata a farko shi ke ciyar da gida mai mutum tara tun da aka raba su da Wad Madani, kuma a daren da ake wannan magana a kansa yana hanyar Kassala da lodin dawa. Har yanzu dangin yarinyar ba su ba da amsa ba, kuma na yi niyyar in koma wurin dattijon da kaina ranar Juma'a, in Allah ya kai mu.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon direba,
Gadarif, Sudan.